Shekara 500 a kan faifai: yadda masu yankan duwatsu masu daraja suka koyi lotsa fuskar dutse

Idan akwai cokalin ƙarfe kusa da kai, ɗauko shi kafin ka ci gaba da karatu. Duba bayansa. Za ka ga fuskarka ta ƙanƙance, amma kusan duk ɗakin ya shigo ciki, har taga da ƙofa. Madubin bango kuwa abin da ke daidai gabansa kaɗai yake nuna maka. Riƙe wannan bambancin a ranka, domin a kansa labarinmu na yau ya ta'allaƙa.

Dutsen zobe mai ƙyalli, kamar daimon ko akwamarin, tarin ƙananan madubai ne. Kowace fuska da aka yanka a jikinsa madubi ce, kuma fiye da shekara 500 duk waɗannan fuskoki shimfiɗaɗɗu ne kamar madubin bango. Sai a 'yan shekarun nan wasu suka fara yanka su da ɗan kwarmi, kamar cikin cokali. Kwarmin bai kai kaurin takarda biyu ba, amma mutanen da suka shekara ashirin suna yankan dutse sukan koma 'yan koyo a kansa. Me ya sa?

Abin da faifai ke bayarwa kyauta

A Turai ta ƙarni na 14, abin da ake yi wa daimon bai wuce a goge fuskokin da Allah ya halicce shi da su ba. A ƙarni na 15 aka fara sare masa tsini a samar da fili a samansa, wanda har yau ake kira tebur. Kayan aikin da ya kawo wannan ci gaba faifai ne na baƙin ƙarfe, yana juyawa a kwance, an shafe shi da garin daimon da man zaitun. Ana yawan jingina ƙirƙirarsa ga wani mutumin birnin Bruges, a Beljiyam ta yau, mai suna Lodewyk van Bercken. Sai dai labarin ya fito ne daga littafin da wani da ya ce shi jininsa ne ya buga a 1661, kusan shekara 200 bayan abin, don haka masana tarihi ba sa sakin jiki da shi. Ko wa ya ƙirƙira, faifan ne ya yi mulki.

Ka lura da abin da faifai ke yi wa mai yanka. Duk abin da ka danna a kan shimfiɗaɗɗen faifai, shimfiɗaɗɗe zai fito. Ba sai ka iya ba. Ko a tsakiyar faifan ka ɗora dutsen, ko can kusa da baki, sakamakon ɗaya ne. Idan ka gama da faifai mai kaushi ka sauya mai laushi, fuskar za ta kwanta a kansa daidai, domin shimfiɗa iri ɗaya ce a ko'ina. Kuma inda shimfiɗaɗɗun fuskoki biyu suka haɗu, miƙaƙƙen layi ne. Inda uku suka haɗu, ɗigo ɗaya ne. Waɗannan kyaututtuka ne da mai koyo ba ya ma sanin an ba shi, sai ranar da aka karɓe.

Shi kansa daimon ya taimaka wajen ɗaure sana'ar a kan faifai. Babu abin da ke cin sa sai ɗan'uwansa daimon, kuma taurinsa ya bambanta daga wannan fuskanta zuwa waccan. Mai yanka sai ya nemo hanyar da dutsen zai yarda ya ciwu ga kowace fuska. Fuska mai lanƙwasa kuwa tana ratsa fuskantoci da yawa a lokaci guda, wasu su ciwu wasu su ƙi.

A 1919 wani matashi ɗan gidan masu yankan daimon na Antwerp, Marcel Tolkowsky, ya buga lissafin da ya zama gindin yankan zamani. Ya bi sawun haske a cikin dutse, ya fitar da cewa fuskokin ƙasa su karkata da digiri 40.75, na sama 34.5. Daimon ɗin zobe da ka saba gani mai fuska 57 ko 58 jikan wannan lissafin ne. Duk lissafin ya tsaya ne a kan cewa kowace fuska tana da kusurwa guda ɗaya tak.

Ga dalilin da kusurwa ta zama komai. Haske yana shiga dutse ta sama, ya sauka ya bugi fuskokin gindi. Idan ya buge su a karkace sosai, duk sai ya dawo ciki kamar an sa madubi, ba tare da an shafa wani azurfa ba. Idan ya buge su kusan kai tsaye, sai ya ratsa ya fice ta ƙasa. Iyakar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce kusurwar iyaka, kuma kowane dutse da tasa. Ta daimon kusan digiri 24 ce, shi ya sa da wuya haske ya kuɓuce masa. Ta safaya kusan 35, ta tofaz kusan 38, ta akwamarin kusan 39, ta kwaz, wato farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara da danginsa irin su amatis, kusan 40. Idan aka yanka gindin kwaz bai kai wannan gangaren ba, tsakiyar dutsen sai ya mutu. Za ka iya karanta rubutu ta cikinsa. Masu sana'ar suna kiran wannan taga, kuma idan ka leƙa zobban kasuwa za ka ga tagogi da yawa, domin mai yanka yakan fifita nauyi a kan haske.

Garin da ake kwanciya rub da ciki

Lanƙwasa dutse ba sabon abu ba ne. Tun zamanin Mesofotamiya ake ƙwaƙule zane a jikin dutsen hatimi. Amma wannan sana'ar masu sassaƙa ce, daban take da ta masu yankan fuskoki, kamar yadda maƙeri da maƙerin farfaru suke zaune a gari ɗaya kowa da aikinsa.

Inda sana'o'in biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa shi ne Idar-Oberstein, a kudu maso yammacin Jamus. Daruruwan shekaru ruwan rafi ne ke juya manyan duwatsun wasawa a can, wasu sun kai tsayin mutum, kuma mai aiki yakan kwanta rub da ciki a kan benci, ya tokare ƙafa a baya, ya danna aƙiƙ a jikin dutsen da ƙarfin jikinsa duka. Da aƙiƙ ɗin yankin ya ƙare, 'yan garin da suka yi ƙaura zuwa Birazil suka fara aiko da na can a shekarun 1830. Wani abin sha'awa, cikin kasuwannin da garin ya yi wa aiki har da tamu: jajayen duwatsun wuya da aka yanka a Idar-Oberstein sun shigo Afirka ta Yamma da yawa, har a wuyan Buzaye.

A wannan yankin aka haifi Bernd Munsteiner a 1943. Ya koyi yankan gargajiya a gida, ya yi karatun zane a Pforzheim a shekarun 1960, ya dawo ya fara abin da dattawan sana'ar suka ɗauka ɓarna ce. Maimakon ya zagaye dutse da ƙananan fuskoki, sai ya riƙa tsaga ramuka da kwaruruka a bayansa, yadda idan ka duba ta gaba za ka ga haske yana karyewa a kansu. Aikinsa da ya fi shahara shi ne akwamarin ɗin da ake kira Dom Pedro. An haƙo shi a jihar Minas Gerais ta Birazil a ƙarshen shekarun 1980. Munsteiner ya yi wata huɗu yana kallonsa kawai, sannan ya yi wata shida yana yanka, ya gama a 1993. Abin da ya fito tsayinsa santimita 35, nauyinsa karat 10,363, wato kilo biyu da 'yan kai, daga guntun da ya haura kilo 25. Yana gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton tun 2012.

To amma aikin Munsteiner na hannu ne da ido, kowane dutse da kamanninsa. Ba zai ba ka takarda ya ce bi waɗannan lambobi ka samu irinsa ba.

Wanda ya mayar da kwarmi abin aunawa Ba'amurke ne, Doug Hoffman, mai kamfanin Polymetric a jihar Washinton. A lokacin injin yankan fuskoki ya riga ya daidaita: ana manna dutsen a kan ɗan sandan ƙarfe da kaki ko gam, hannun injin ya riƙe shi a kusurwar da aka zaɓa, sannan wani faranti mai haƙora, galibi 96, ya juya shi daga fuska zuwa fuska, kowane haƙori digiri 3.75. Hoffman ya bar wannan duka yadda yake, ya cire faifan kawai. A gurbinsa ya sa ɗan gungumen ƙarfe mai kama da alli, a kwance, yana juyawa kuma yana kai-da-komo. Ya samu takardar mallakar ƙirƙirar a farkon shekarun 1990. Abokinsa Richard Homer, ƙwararren mai yanka, shi ya zauna da injin ya gano yadda ake fitar da dutse mai kyau daga cikinsa, ya kuma ci kyaututtuka da dama a gasar ƙungiyar masu cinikin duwatsu masu daraja ta Amurka. Daga nan duniya ta waiwayo.

Yanzu koma ga cokalinka. Fuskar da ka gani da kwarmi daga waje, ga hasken da ke cikin dutsen tudu ce, bayan cokali ce. Tana kwaso haske daga wurare da yawa ta watsa shi. Bari mu sa lamba, ni ma sai da na zana a takarda na yarda. Ɗauki gungume mai kaurin milimita 12, ka ci kwarmi mai faɗin milimita 2 da shi. Zurfin kwarmin a tsakiya milimita 0.084 ne kacal, kusan kaurin gashin kai. Amma daga wannan baki zuwa wancan, fuskar ta juya da kusan digiri 19. Tun da madubi yana ninka juyawa sau biyu, hasken da ya bugi fuskar zai bazu a kan kusan digiri 38. Fuska ɗaya ta zama kamar jerin fuskoki marasa adadi. Shi ya sa dutsen da aka yi wa irin wannan yanka yake haske ko'ina, kamar an kunna fitila a cikinsa.

Inda wahalar take

Duk kyautar da faifai ya bayar, gungume ya karɓe.

Fara da wurin ɗorawa. A kan faifai ko'ina daidai ne. A kan gungume layi ɗaya ne kawai daidai, wato ƙololuwar bayansa. Idan dutsen ya kauce gefe da ɗan abin da ido ba ya gani, kwarmin zai fi zurfi a ɓangare ɗaya, kuma tun da farantin haƙora zai maimaita kuskuren sau takwas ko goma sha shida, sai duk gindin ya fito a murɗe. Ga shi galibi ana fara fitar da siffar dutsen a kan faifai ne sannan a kai shi kan gungume, don haka sai injinan biyu sun yarda da juna a kan inda tsakiya take.

Sai zurfi. Koma ga kwarminmu mai faɗin milimita 2. Ƙara masa zurfin milimita 0.02, abin da 'yan daƙiƙoƙi na sakaci za su ci. Faɗinsa zai tashi zuwa kusan 2.22. Kuskuren zurfi ya ninka kansa sau goma sha ɗaya a faɗi, kwarmin ya shiga gonar maƙwabcinsa. Kuma dutse ba tuwo ba ne da za ka ɗebo ka mayar. Gyara ɗaya ne: ka sake cin sauran fuskokin duka su kai zurfin wanda ya ɓaci, ka yi asarar nauyi. Karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, kuma da shi ake ciniki.

Abin da na fi ganin yana karya gwiwar masu koyo shi ne gogewa. Fuska ba ta zama madubi da gurza ɗaya. Ana farawa da garin daimon mai kaushi, a sauko zuwa mai laushi, sannan a goge da mafi laushi ko da wani gari na musamman, kowane mataki da nasa gungumen: na jan ƙarfe don ci, mai taushi kamar katako ko roba don fitar da sheƙi. Dole kaurinsu ya zo ɗaya. Idan gungumen gogewa ya fi kwarmin siranta, tsakiya kawai zai taɓa, gefuna su tsaya dusu-dusu. Idan ya fi shi kauri, gefuna zai taɓa ya bar tsakiya. Ga shi gungume yana cinyewa da aiki, don haka jerin da ya dace a watan jiya ba lallai ya dace yau ba. Mai koyo yakan ga tabon da ya ƙi gogewa, ya ƙara dannawa, dutsen ya yi zafi, kakin da ke riƙe da shi ya yi laushi, ya ɗan zame. Shi ke nan, duk saitin da aka yi tun safe ya tafi. Ƙwayar gari mai kaushi guda ɗaya kuma, idan ta maƙale a gungume mai taushi, za ta yi ta zana layi a kan kowace fuska har sai an gano ta.

Mahaɗa ma ta sauya hali. Inda kwarmi biyu suka haɗu layin lanƙwasasshe ne, kuma ƙaryar da ke tsakaninsu ta fi ta shimfiɗaɗɗun fuskoki kaifi, don haka ta fi saurin ɓantarewa. Tofaz ya fi ban tsoro a nan, domin yana da wata fuskanta da yake tsagewa salin-alin idan aka matsa masa. Ƙwararren mai faifai ya saba yanka fuska har sai kusurwarta ta taɓa wani ɗigo, yana dubawa da gilashi mai ƙara girma sau 10. A kan gungume wannan sabon nasa yakan yaudare shi, saboda yadda bakin kwarmi ke tunkarar ɗigon daban ne.

Akwai kuma ƙarancin abin dogaro. Mai koyon yankan faifai yana da dubban zane-zane da aka buga, kowanne da jerin kusurwoyi da lambobin haƙora, da manhajar kwamfuta irin su GemCad da za ta nuna masa siffar kafin ya taɓa dutse. An gina wannan manhajar ne a kan shimfiɗaɗɗun fuskoki. Mai kwarmi yakan ɗauki zanen faifai ne ya sauya shi da gwaji, kuma yanzu akwai ƙarin tambayar da zanen bai amsa ba: wane kaurin gungume? Siriri yana ba da zurfi da watsa haske sosai, mai kauri yana kusan komawa shimfiɗa. Amsar tana hannun waɗanda suka ɓata duwatsu da yawa kafin su same ta, kuma ba su da yawa. Shi ya sa ake ba mai koyo shawara ya fara da gilashi ko kwaz mai araha, ya yi ta ɓatawa.

Kada ka ɗauka kuma kwarmi ya fi shimfiɗa a ko'ina. Ni a ganina an ɗan zuzuta shi. Shimfiɗaɗɗiyar fuska tana walƙiya ne gaba ɗaya ta mutu gaba ɗaya idan ka motsa hannu, kuma wannan ƙyaftawar ita ce rabin kyan dutse. Kwarmi yana musanya ta da haske mai ɗorewa amma marar firgitarwa. Dutse mai duhun launi, kamar safaya mai shuɗi sosai, ba kasafai yake amfana ba, yakan ma ƙara duhu. Daimon kuwa ba ya buƙata. Inda abin ke burgewa shi ne manyan duwatsu masu tsabta da hasken launi, waɗanda kusurwar iyakarsu ke kusa da 40: kwaz, tofaz, akwamarin. Su ne faifai ya fi barin su lami, su ne kuma suke da arahar da za a jure ƙarin asarar nauyi da ƙarin awoyin aiki.

Wannan jerin sunayen ya kamata ya tsaya maka a rai. Tofaz yana fitowa a tsaunukan Jos, tare da kuzar da aka daɗe ana haƙa. Akwamarin yana fitowa a Nasarawa da kudancin Kaduna. Wato irin duwatsun da wannan yanka ya fi yi wa rana suna ƙarƙashin ƙasarmu, kuma galibinsu ɗanye suke fita, a ƙulle a leda, zuwa wurare irin su Bankok da ita Idar-Oberstein ɗin. Mai haƙa yana sayar da nauyi, mai yanka yana sayar da haske, kuma ratar kuɗin da ke tsakaninsu ta fi faɗi a dutse mai araha kamar kwaz, inda kusan duk darajar aikin hannu ce. Amma kada wani ya yi saurin yin odar inji. Gungume ba ya koyar da kusurwar iyaka, ba ya koyar da manna dutse ya zauna a tsakiya, ba ya koyar da gane tabo kafin a fara. Homer ya daɗe yana yanka a kan faifai kafin ya taɓa injin Hoffman, kuma Munsteiner sai da ya iya na gargajiya kafin ya karya shi.

Idan wata rana aka miƙo maka dutse aka ce mai kwarmi ne, ga yadda za ka gane. Juya shi ka kalli gindinsa a ƙarƙashin fitila ɗaya, kana karkata shi a hankali. Shimfiɗaɗɗiyar fuska za ta haska duka a lokaci guda, sannan ta ɗauke. A kan kwarmi siririn layin haske za ka gani, yana tafiya daga wannan baki zuwa wancan yayin da kake juyawa. Bi layin da ido har ƙarshe. Idan ya dushe kafin ya kai baki, gungumen gogewar ya fi kwarmin siranta.